Kafin Takobi, Akwai Allo



Ya kai mai karatu, in aka ambaci Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, me ke fara zo maka a rai? Yawancin yaranmu za su ce tuta, da dawaki, da yaƙin Tabkin Kwatto. Gaskiya ne, an yi wannan yaƙi a 1804. Amma a ganina wanda ya fara labarin Shehu daga nan ya ɗauko zancen daga wutsiya, kuma akwai hatsari a cikin haka.

Ka lissafa da kanka. An haifi Shehu a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754. Ya fara wa'azi yana ɗan shekara 20, bai yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu ba sai a 1804. Shekara 30 ke nan yana zaga Gobir da Zamfara da Kabi, yana koya wa jama'a alwala da salla, yana tsara musu waƙoƙi da Fulatanci don su riƙe. Da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ya yi musu kyauta, Shehu bai karɓi dukiyar ba. Abin da ya roƙa, a bar shi ya yi wa'azi, a saki 'yan kurkuku, a sassauta wa talakawa haraji. Har malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, sai da ya saɓa masa, cikin ladabi, a kan kafirta Musulmi saboda aikata zunubi.

To, ko bayan nasara fa? Ƙanensa Malam Abdullahi ya ga wasu sun mai da abin neman sarauta da tara bayi, ransa ya ɓaci, ya bar runduna ya nufi gabas. Kanawa ne suka tsai da shi, ya zauna ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki da adalci. Ashe kawar da azzalumi bai kai hana kanka zama irinsa wuya ba.

Mu mutanen bakin iyaka mun fi kowa sanin kuɗin da yaƙi ke ci. Da Malam Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina wajen 1807, gidan tsohuwar sarauta ya koma arewa ya kafu a Maraɗi, aka daɗe ana kai wa juna hari ta wannan daji namu. Yau jikokin ɓangarorin biyu kasuwa ɗaya suke ci a Jibiya, suna auratayya, suna bin liman ɗaya.

Dubi kuma abin da ya wanzu. Nana Asma'u, 'yar Shehu, ba ta riƙi mashi ba. Ta naɗa jajis, suna kai karatu ga matan ƙauye, ana ce musu 'yan taru, kuma har yau ana cin moriyar aikinta. Malam Aminu Kano ya yi gwagwarmaya da zaluncin masu mulki a jam'iyyar NEPU tun 1950, amma malamin makaranta ne, mai tafsiri, yana kuma cikin waɗanda suka fara kafa makarantun Islamiyya a Kano. Ya rasu a 1983 bai tara abin duniya ba. Kwatanta su da Maitatsine, wanda ya tara yara ba karatun kirki sai zafin kai. A Disamba 1980 fiye da mutum 4,000 suka hallaka a Kano. Me ya gyara?

Wani zai ce, to sai mu naɗe hannu muna kallon ɓarna? A'a. Ai Shehu bai yi shiru ba, a gaban sarki ya faɗi gaskiya. Sai dai ya san abin da yake faɗa, ya kuma fara da kansa.

Saboda haka ɗalibi, duk wanda ya zo maka da zancen gyaran duniya, tambaye shi: a wurin wa ka yi karatu? Wa ka koyar? Me ka ƙi karɓa? In ya ce ka bar makaranta ko ka raina iyayenka, rabu da shi. Iyaye kuma, ku san wanda 'ya'yanku ke saurara, a zaure ko a waya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.