Ƙwallo Ko Kokawa: Shawara Ga Iyayen Matasa

Da zarar yaro ya kai shekara 13 ko 14 ya fara ɓacewa daga gida bayan la'asar, sai muhawara ta tashi tsakanin iyaye a kan wasan da ya dace da shi. Wasu na ganin ƙwallon ƙafa ne wasan zamani mai kai yaro ga arziki, musamman ganin cewa matasan Nijeriya sun ci kofin duniya na ajinsu har sau biyar, tun daga wanda suka ɗauko a ƙasar Sin a 1985 zuwa na 2015. Wasu kuwa sun fi son kokawa, gadon kaka da kakanni, wadda a Jamhuriyar Nijar ta zama uwar wasanni tun da aka soma gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975. Ilmin halitta yana da abin faɗi a wannan muhawara, kuma abin da yake nunawa shi ne, sunan wasa ba shi ne abin dubawa na farko ba. Abin dubawa shi ne matakin girman da jikin yaron ya kai, da kuma wanda za a haɗa shi da shi.

Jikin matashi ba na babba ba ne

A kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi na yaro, kamar na cinya da na ƙwauri da na hannu, akwai wani siririn guringuntsi wanda daga gare shi ne ƙashin ke ƙara tsawo. Wannan guringuntsin girma ba ya rikiɗa ya zama ƙashi sai wajen shekara 14 zuwa 16 ga 'yan mata, 16 zuwa 18 ga samari. Da shi ne ma Hukumar FIFA ta yi aiki a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Nijeriya a 2009, inda aka riƙa ɗaukar hoton wuyan hannun 'yan wasa don gane wanda ya wuce shekarun.

Muhimmancin wannan ga iyaye shi ne, guringuntsin ya fi jijiyoyin da ke ɗaure gaɓa rauni. Don haka faɗuwar da za ta sa wa babba targaɗe kawai, ga yaro tana iya zama tsagewar guringuntsi, wadda in ba a ɗora ta daidai ba sai ƙafa ko hannu ya tashi a karkace, ko ya kasa ɗan'uwansa tsawo. Bugu da ƙari, a shekarar da namiji ya fi miƙewa, galibi wajen shekara 14, yakan ƙara tsawon santimita 8 zuwa 10. Ƙashi kan riga tsoka tsawo, sai gaɓoɓi su ɗaure, yaro ya riƙa tuntuɓe da kukan ciwon gwiwa.

Kowane wasa da ribarsa da hatsarinsa

Ƙwallo wasa ne na zuciya da huhu, domin ƙwararren ɗan wasa kan yi gudun kimanin kilomita 10 cikin minti 90. Raunukansa sun fi yawa a idon sawu da gwiwa, musamman a filayen unguwa masu tsakuwa da ramuka. Akwai kuma batun ƙwaƙwalwa. Binciken da Jami'ar Gilasgo ta fitar a 2019 ya nuna cewa tsofaffin ƙwararrun 'yan ƙwallo sun ninka sauran jama'a kusan sau uku da rabi wajen mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa, abin da ya sa a 2020 hukumar ƙwallon Ingila ta hana koya wa yaran firamare dukan ƙwallo da kai.

Ita kuwa kokawa tana gina ƙarfin tsoka da ƙwarin ƙashi, tana koya wa jiki tsayuwa da iya faɗuwa. Raunukanta na kafaɗa ne da gwiwar hannu da wuya, sai cututtukan fata irin su makero, saboda cuɗanyar jiki. Magabata sun rage hatsarinta ta hanyar yin ta a kan rairayi, da kaka, bayan rana ta yi sanyi. Babbar matsalarta ita ce, a dandalin gargajiya ba a auna nauyi. Yara biyu 'yan shekara 14 na iya zama tsara a takardar haihuwa, alhali ɗaya ya balaga sinadarin testosteron ya cika masa ƙirji da damtse, ɗayan kuwa ko murya bai fasa ba. Haɗa waɗannan biyu a fili ganganci ne, ko a kokawa ko a ƙwallo. Amma auna nauyin ma yana da nasa tarko, domin a 1997 ɗaliban jami'a uku 'yan kokawa sun mutu a Amurka cikin 'yan makonni, wajen ƙoƙarin rage nauyi da ƙishirwa da zufa don su shiga ajin da suke so.

Abin da ya kamata iyaye su yi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yara daga shekara 5 zuwa 17 su sami motsa jiki na aƙalla minti 60 kullum, sannan su yi abin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi sau uku a mako. Mai karatu zai lura cewa ƙwallo ya biya buƙata ta farko, kokawa ta biya ta biyu. Ashe ke nan ba kishiyoyi ba ne, kuma kafin shekara 15 ya fi alheri a bar yaro ya taɓa duka biyun, maimakon a ɗaure shi ga wasa ɗaya yana maimaita motsi iri ɗaya a kan gaɓa ɗaya duk shekara. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'adinin ƙashin da mutum zai rayu da shi yana taruwa ne cikin shekara biyu na tsananin girma, saboda haka hana wasa ɗungurungum don tsoron rauni shi ma asara ce.

Ya kamata uba ya taka da ƙafarsa ya ga filin, ya ga abokan karawar ɗansa, ya kuma tabbata akwai babba mai hankali da ke iya tsayar da wasa. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, don haka atisayen tsakar rana ba tare da ruwan sha ba abin hanawa ne, musamman da yake kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana da rukunin jini na AS, wanda tsananin gajiya da ƙishirwa ke iya yi wa illa. Yaron da ke suma ko jin ciwon ƙirji in yana gudu sai likita ya duba zuciyarsa, domin har yau ba a manta da Samuel Okwaraji ba, wanda ya faɗi ya rasu a filin wasa na Legas a 1989. Wanda ya bugu a kai har ya ga jiri, ya bar wasa a ranar. Wanda kuma gaɓarsa ta kumbura, a yi masa hoton ƙashi kafin a kai shi wajen mai ɗori.

Kammalawa

Kaɗan ne ƙwarai daga cikin yaran da ke cika filaye za su ci abinci da ƙwallo ko su ɗaga takobi, amma kowannensu zai rayu da gwiwar da ya fita da ita daga ƙuruciya. Lafiya uwar jiki, in ji masu iya magana. Iyayen da suka san girman jikin ɗansu, suka kuma san filinsa da abokan karawarsa, suna iya barinsa ya zaɓi wasan da ransa ke so.