MODEM DA LINUX A HANWA: AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI

Unguwar Hanwa ta Zariya masauki ce ga ɗalibai da malaman Jami'ar Ahmadu Bello, kuma da yawa daga cikin ɗaliban da kwamfutocin gwanjo suke aikinsu. A ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya janye kulawar da ya saba yi wa Windows 10, alhali kuwa Windows 11 ba ta karɓar tsofaffin kwamfutoci da dama. Mafita ga mai irin wannan kwamfuta ita ce Linux, watau manhajar nan da Linus Torvalds ya soma rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, wadda aka yardar wa kowa ya ɗauka, ya duba cikinta, ya gyara, ya raba.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen shiga intanet a gida. Ɗalibi zai sayo modem, ya sa masa layi, ya soka a jikin kwamfuta, ya ji shiru. In ya kai wa mai gyara, sau da yawa amsar ba ta wuce a sauke Linux a ɗora Windows ta sata. Wannan hukunci kuwa an yanke shi ne ba tare da an saurari wanda ake ƙara ba.

Dalilin shirun sananne ne. Yawancin ƙananan modem ɗin da ake sokawa a kafar USB fuska biyu gare su. Da farko sukan nuna kansu a matsayin faifai mai ɗauke da manhajar da aka tanada domin Windows. Sai wannan manhaja ta hau sannan take juya na'urar ta koma modem. Tun da ba a yi ta domin Linux ba, sai na'urar ta tsaya a fuskarta ta farko. Masu aikin sa-kai sun daɗe da rubuta wata 'yar manhaja mai suna usb-modeswitch wadda ke aika wa na'urar umurnin juyawa, kuma Ubuntu da ire-irenta da ita suke zuwa. In babu ita, sai a jona wayar hannu da kebul, a ari intanet ɗinta a sauko da ita. Abin da ya rage shi ne a rubuta sunan mashigar kamfanin layin, wanda ake kira APN, a wurin saitin hanyar sadarwa. Shi kuwa modem mai watsa Wi-Fi bai damu da irin manhajar da ke kan kwamfuta ba, domin ta cikin burauza ake saita shi. Ashe ke nan laifin na maƙeran da suka tanadi hanya ɗaya ne kawai.

Wani zai ce ina ruwan mai nazarin Hausa da wannan, ai aikin injiniyoyi ne. To, amma kundin digirinsa a kwamfutar nan yake bugawa, littattafan da zai duba kuma ta modem ɗin nan suke iso masa. Bugu da ƙari, Linux tana da tsarin allon rubutu na Hausa mai haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, kuma ƙofar fassara ta zuwa kowane harshe a buɗe take. Wanda ya watsar da ita don modem ya ƙi, ya koma ga kayan aro, zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Saboda haka ya kamata Ƙungiyar Hausa ta sashe ta haɗa kai da ɗaliban kimiyyar kwamfuta, a rubuta ɗan littafin jagora da Hausa mai sauƙi wanda zai bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Malamai su tace kalmomin da za a ƙirƙira, a raba wa ɗalibai da masu gyara na Hanwa da Kwangila da Samaru. Shi kuma mai saye ya nemi a gwada masa modem a kan kwamfutarsa tun a kanti kafin ya biya kuɗi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.