Zanen Da Ke Ƙarƙashin Zane

Duk wanda ya saba bin titin Ahmadu Bello ko tashar Kawo ya san allunan shaguna da ake shafewa a sake rubutu a kansu. Tela ya tashi, mai kemis ya kama shagon, mai fenti ya zo ya rufe tsohon suna. Bayan damina biyu sai ka ga almakashin tela yana leƙowa ta ƙarƙashin sabon rubutu. Ba wanda zai ce mai fentin nan ya yi cuta, don katako da tsada, kuma bai ruɗi kowa ba.

Manyan masu zane na duniya ma haka suka yi. Van Gogh, mutumin Holan, talaka ne, ba kullum yake da kuɗin sayen sabon yadin zane ba. A 1887 ya zana ciyawa a kan fuskar wata mata 'yar ƙauye da ya zana tun da farko. Sai a 2008 masana suka fito da kamannin matar sosai a birnin Hambog na Jamus, ba tare da sun kankare ko ɗigon fenti ba. Dabarar ba ta da nisa da hoton ƙashi da ake ɗauka a asibiti. Fentin da can ana haɗa shi da ƙarafa irin su dalma, hasken na'ura kuwa yana ratsa na sama ya nuna inda suke kwance a ƙasa.

A ganina, 'yan'uwa ɗalibai, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce hannun wa ya yi canjin, kuma ya faɗa ko ya ɓoye. Ku dubi zanen Vermeer na yarinya mai karanta wasiƙa, wanda ke birnin Dresden. Tun 1979 aka gano akwai hoton wani ɗan yaro a bangon da ke bayanta, an shafe shi. Shekara da shekaru ana zaton mai zanen ne ya canza ra'ayi. Da aka fara gyara a 2017 sai aka iske datti kwance tsakanin fentin asali da wanda aka shafa a kai. Datti ba ya taruwa dare ɗaya. Ashe wani ne ya yi karambani bayan mutuwar Vermeer a 1675. Aka cire shafen a hankali, aka nuna wa jama'a a 2021.

Mu a jihar Kaduna maganar ta fi shafarmu ta wajen yumɓu. Sassaƙen Nok, wanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928, ya haura shekara dubu biyu, ana kuma iya ganin irinsa a Gidan Tarihi da ke titin Ali Akilu. Galibi a farfashe ake samunsa, masu kuɗi a Turai kuwa cikakke suke so. To, sai 'yan damfara su tattara gutsattsari, kan wannan da hannun wancan, su liƙa da gam da garin tsohon kasko. Akwai gwajin da ke nuna lokacin da aka gasa yumɓu, amma ɗan gari kaɗan ake ɗiba, in an dace da tsohon guntu sai a ce duka tsoho ne. Shi ya sa aka koma sa su cikin na'urar asibiti mai ɗaukar hoton cikin jiki, wadda ke nuna kowace mahaɗa.

Asarar ba ta mai saye kaɗai ba ce. Ɗalibin da ya ga irin wannan haɗe-haɗe a littafi zai ɗauka haka mutanen Nok suke ado da zama, alhali wani ne ya ƙera shi shekaran jiya. Don haka duk mai gyaran kayan tarihi, na hukuma ko na kasuwa, ya kamata a tilasta masa ya ɗauki hoto kafin ya taɓa, ya rubuta abin da ya ƙara, a kuma ajiye takardar kusa da kayan inda mai ziyara zai iya karantawa.