Zaɓen filin golf a Dubai: suna, zafi da ruwa

Daga watan Nuwamba zuwa Maris ne kakar wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, take kankama a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. A cikin mutanenmu da ke zuwa Dubai sarin kaya ko hutu, an fara samun masu ɗaukar jakar sanduna tare da akwatinsu, kuma wasu daga cikinsu sukan tambaye ni filin da ya kamata su buga. Mutum yana da kwana huɗu ko biyar, filayen suna da yawa, kuɗin shiga kuma na mai ƙumbar susa ne. Ga abin da nake gaya musu.

Kowa Majlis yake fara ambata, kuma ban ga laifinsa ba. Wannan fili na Emirates Golf Club, wanda aka buɗe a 1988, shi ne filin ciyawa mai ramuka 18 na farko a ƙasashen Larabawa na yankin Gulf. Tun 1989 ake gasar Dubai Desert Classic, akasari a can. Tiger Woods ya lashe ta a 2006 da 2008, a can ne kuma Rory McIlroy ya ci gasarsa ta farko a matsayin ƙwararre a 2009. Wanda ya tsaya a wurin bugun rami na takwas, yana fuskantar dogayen benayen Marina, zai gane dalilin da ya sa ake rububin wurin. A buga shi sau ɗaya, a ɗauki hoto, a wuce.

Sai dai suna ba ya buga wa mutum ƙwallo. Filin Earth na Jumeirah Golf Estates, wanda Greg Norman ya tsara, inda ake rufe kakar gasar Turai tun 2009, an yi shi ne domin gwanaye: doguwar tafiya da ramukan farin yashi masu zurfi. Ɗan koyo da ya nace sai ya buga daga bayan fili, inda ƙwararru ke tsayawa, zai wuni yana neman ƙwallo, ya kuma tare wa na bayansa hanya. Kowane rami yana da wuraren farawa da dama, kuma babu abin kunya a matsawa gaba. Yas Links da ke Abu Dhabi kuwa a bakin teku yake, iska ce abokiyar karawarka a can, kuma takan tsananta da rana ta yi. Wanda bai iya buga ƙwallo ƙasa-ƙasa ba, ya nemi lokacin safe.

Batun lokaci ba na wasa ba ne. Daga Yuni zuwa Satumba zafi kan haura digiri 40, ga danshin teku da ke hana gumi bushewa. A lokacin ne farashi ke faɗuwa, kuma a nan ne araha ke yaudarar baƙo. Bakano yakan ce ai ya san zafin bazara, amma zafin Afrilu a Kano busasshe ne, na Dubai kuwa kamar an rufe mutum cikin tukunyar dambu ne. Wanda tafiyarsa ta faɗo a wannan lokaci, ya nemi filin Faldo da ke Emirates Golf Club ɗin, wanda ake haskawa da fitilu ana bugawa da dare.

Tambayar da ba kasafai ake yi ba, wadda kuma a ganina ta fi sauran nauyi, ita ce daga ina ruwan yake fitowa. Ruwan saman da Dubai ke samu a shekara bai cika wuce milimita 100 ba. Ruwan famfon birnin kusan dukkansa na teku ne da aka cire wa gishiri a Jebel Ali, aikin da ke cin makamashi mai yawa, sannan a mayar da ragowar ruwan mai kaurin gishiri cikin tekun. Ciyawa kuwa kullum sai ta sha. Shi ya sa filaye da yawa suka koma ban ruwa da ruwan masai da na magudanai da aka tace, wasu kuma suka shuka ciyawar paspalum mai jure gishiri. A jihar Arizona ta Amurka, dokar ruwan ƙarƙashin ƙasa ta 1980 ce ta ƙayyade ruwan da filayen ke sha, har sababbin filaye suka taƙaita ciyawarsu zuwa kimanin eka 90. Daga nan aka samu salon da ake barin hamada yadda take tsakanin tsibiran ciyawa. Ni dai idan filaye biyu suka yi kunnen doki a wurina, nakan zaɓi wanda ya bar wa yashi rabonsa, kuma nakan tambayi ma'aikatan wurin irin ruwan da suke amfani da shi. Kulob ɗin da ya ji baƙi goma sun yi wannan tambaya zai san cewa tana cikin lissafin ciniki.

Akwai kuma zaɓin da takardun talla ba sa nunawa. Kafin ciyawa ta zo, a kan yashi ake buga golf a yankin Gulf, kuma har yau ana yi a kulob ɗin Awali na Bahrain, wanda ma'aikatan mai suka kafa a 1938. Ɗan wasa yana yawo da guntun tabarmar ciyawar roba, ya ɗora ƙwallonsa a kai ya buga. A kewayen rami kuma yashi ne da aka cakuɗa da mai aka daddaɓe, ana share shi bayan kowane rukuni ya wuce. Wanda ya taɓa bugawa a tsofaffin filayen Arewa, irin na Kano da Rayfield a Jos, ya san wannan yashi, ya kuma san yadda ƙwallo ke gudu a kansa. Daga Dubai zuwa Bahrain tafiyar kusan awa ɗaya ce a jirgi, saboda haka a cikin kwana biyar ɗin nan zan ware wa Awali guda.