Sharhi: Rubutun da ke can ƙasan shafi

Sharhinmu na yau ya shafi matasan da ke kafa sababbin kamfanoni, masu sayar da atamfa da turare ta intanet, da masu ƙirƙirar manhajar aika kuɗi ko kai saƙo gida-gida. Idan ka buɗe shafinsu za ka tarar an ƙawata samansa da hotuna masu ɗaukar ido. To, gangara can ƙasa, inda ya kamata a rubuta alkawarin da ke tsakanin kamfani da mai saye. Sau da yawa wayam za ka gani.

Abin da ya fi damuna shi ne bayanin yadda ake riƙe sirrin mutane. Mai sayen turmi ɗaya na atamfa yakan ba da sunansa da lambar wayarsa da adireshin gidansa, wani lokaci har da lambar BVN idan harkar kuɗi ce. Wannan amana ce, kuma yanzu doka na bayanta. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta wajabta wa kamfani ya faɗa wa mutum abin da zai yi da bayanansa, da wanda zai miƙa wa, da tsawon lokacin da zai ajiye su, da kuma haƙƙinsa na cewa a gyara ko a goge. Idan aka yi kutsen da ka iya cutar da mutane, awa 72 kamfani ke da ita ya sanar da hukumar. Tarar ƙaramin kamfani kan kai naira miliyan 2, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Wanda yake ganin wannan surutun lauyoyi ne kawai, ya tuna da manhajojin ba da bashi. Mutum ya ci bashin 'yan dubbai, ya danna "na amince" bai karanta ba, ashe ya buɗe musu duk lambobin da ke wayarsa. Ranar da ya makara, sai saƙo ya isa ga surukinsa da limamin unguwarsu cewa wane ɓarawo ne. Mutunci ya zube a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Sai da hukumar kare masu saye, FCCPC, ta shiga tsakani, kuma a 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotunan mutane. Ita dai wannan hukuma ce ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220 a watan Yulin 2024, kan yadda ya yi da bayanan 'yan Najeriya.

Sai sharuɗɗan ciniki: yaushe kaya za su iso, wa zai biya kuɗin mota, me zai faru idan lafayar da ta zo ba ita ce ta hoto ba. Mun saba da cewa kaya idan sun fita ba sa dawowa. Dokar kare masu saye ta 2018 ba ta yarda da haka ba idan kaya sun zo da aibi ko sun saɓa wa abin da aka siffanta. A rubuta kwana nawa mutum ke da shi ya mayar, da yadda kuɗinsa zai dawo. Rubuta yarjejeniya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana.

A kuma sa cikakken sunan kamfani, da lambar rajistarsa ta CAC, da adireshin da za a iya zuwa a same shi, da lambar da ake ɗauka idan an kira. Idan shafin yana bibiyar masu ziyara don talla, a faɗa musu.

Amma ƙannena masu kamfani, don Allah ku daina kwafo waɗannan rubuce-rubuce daga shafukan Amurka. Za ka ga shago yana Kantin Kwari, amma takardarsa na cewa idan rigima ta tashi kotun Kaliforniya ce za ta raba gardama. Wani ma yakan manta bai cire sunan kamfanin da ya kwafa ba. Mafi muni, kwafin yakan ce ba a ba kowa bayanan mai saye, alhali kullum ana tura lambarsa ga ɗan acaɓan da zai kai kaya. Ka sa hannu ke nan a kan ƙaryar da za a iya kama ka da ita.

Ku zauna ku rubuta abin da kuke yi da gaske, sannan ku kai wa lauya ya duba. Dokar 2018 ɗin nan ta ce a yi wa mai saye bayani da harshe mai sauƙi wanda zai gane. Idan masu sayenku matan aure ne a Kano da Katsina da Gusau, ku sa fassarar Hausa kusa da ta Turanci, da manyan baƙaƙen da za su karantu a ƙaramar waya.