Likitan talho ba ya taɓa goshi

 Yau maganar asibiti na kawo muku, amma ba wanda ake shiga da ƙafa ba. Ina nufin asibitin da aka shiga ta talho lokacin annobar korona, wanda har yanzu wasunmu ba su fito daga cikinsa ba.

Sai mu ɗan tuna baya, tunda ɗan Adam mai mantuwa ne. Ranar 19 ga watan Maris na 2020 aka bayyana mutum na farko da ya kamu da cutar a Nijar. Kafin watan ya ƙare an rufe iyakoki da filayen jirgi, an rufe makarantu da masallatai, an sa dokar hana fitar dare a Yamai, sannan aka killace birnin, ba shiga ba fita, har wajen tsakiyar watan Mayu. Iyakar Najeriya kuwa dama tun watan Agusta na 2019 maƙwabtanmu suka garƙame ta, ba su buɗe ba sai a watan Disamba na 2020. To, mai ciwon da ya saba tashi daga Maraɗi ya yi tafiyar sama da kilomita 600 don ganin likitansa a Yamai, da na Damagaram mai kusan 900, da mai tsallakawa Katsina ko Kano, da Alhazan da ke hawa jirgi zuwa Tunis ko Indiya, duk rana ɗaya hanya ta toshe musu. Na kusa da asibiti ma tsoro ya riƙe su a gida, don raɗe-raɗi ya cika kasuwa cewa duk wanda ya je da tari za a tsare shi. Gwamnati ta ba da lamba 15 don mai jin alamun korona ya kira. Amma mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da mai ciki, su wace lamba za su kira? Sai kowa ya kama tasa hanyar: lambar likitan da ya sani.

Ina da gwaggo mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Maraɗi. Hawan jini gare ta, shekara da shekaru, kuma duk wata uku sai ta rufe rumfa ta hau bis zuwa Yamai wajen likitan zuciya. Yini guda zuwa, yini guda zaman layi, yini guda komowa, ban da kuɗin mota da na tsarabar masu masauki. Da aka rufe Yamai maganinta ya kusa ƙarewa, ƙafafunta suka soma kumbura, sai ta yi ƙundunbala ta kira shi. Ya ce: "Hajiya, ki je farmasi mafi kusa da ke kullum da safe har kwana bakwai, a auna miki tansiyo, a rubuta a takarda, ki aiko mini da hoton." Ta yi yadda ya ce. Lambobin suna yawo tsakanin 17 da 18, alhali ana son su sauka ƙasa da 14. Ya tambaye ta gishiri da dunƙulen miya, ya tambaye ta barci, ya sauya mata ƙwaya ɗaya, ya aiko da hoton takardar magani ta WhatsApp. Bayan sati biyu tansiyo ya sauka. Abin da ta ce mini har gobe ina tuna shi: "Ɗana, ashe duk wahalar nan da nake sha, don maganar minti goma ce?"

Wannan shi ne alherin abin, kuma ba ƙarami ba ne ga mai neman na kansa. Ma'aikacin gwamnati in ya je asibiti albashinsa na tafiya. Ɗan kasuwa kuwa ran da ya rufe rumfa ya yi hasara biyu, ta kuɗin magani da ta ciniki, wani lokaci har da ta uku, don mai sayen da ya zo bai tarar da kai ba ya koyi hanyar maƙwabcinka. Shi ya sa mata da yawa ke haɗiye ciwo har sai ya kayar da su. Akwai kuma wani amfani da ban zata ba: mata sun faɗa mini cewa abin da kunya ke hana su furtawa gaban likita namiji, a saƙon murya sun iya faɗinsa tiryan-tiryan, da Hausarsu, ba mai kallon idonsu.

Amma a layin gwaggon nan tawa akwai wata baiwar Allah mai kayan miya, ita labarinta daban ne. Cikin daminar 2020, shekarar da ruwa ya yi ɓarna, ɗanta mai shekara uku ya tashi da zazzaɓi. Ta ga yadda talho ya yi wa maƙwabciyarta rana, sai ita ma ta nemi lambar wani ma'aikacin lafiya ta hannun ɗan'uwan mijinta. Bai taɓa ganinta ba, bai taɓa ganin yaron ba. Ta aika saƙon murya cikin hayaniyar kasuwa, ya amsa da saƙon murya, ya faɗi maganin sauke zafin jiki, ya ce in bai yi sauƙi ba a kawo shi. Zafi ya sauka da rana, ya dawo da dare, ita kuwa tana ganin ai ta riga ta "ga likita". Kwana na uku yaro ya soma jijjiga. Da aka kai shi asibiti aka tarar zazzaɓin cizon sauro ya cinye masa jini, sai da uban ya ba da nasa aka ƙara masa. Allah ya yi da sauran kwanansa.

Ban ce mutumin nan mugu ne ba. Taimako ya yi niyya, ko dala bai karɓa ba. Sai dai abin da yaron ke bukata ba ya bin iska. Ana bukatar a ɗiga jinin yatsa a kan ɗan abin gwajin nan da ke ba da amsa cikin minti 15 zuwa 20. Ana bukatar a buɗe fatar ido da tafin hannu a ga ko sun yi fari. A lokacin zafi ana bukatar hannu ya lanƙwasa wuyan mai zazzaɓi a ji ko ya sanƙare, mu da muka ga abin da sanƙarau ya yi a Yamai a 2015. Mai ciki da ke kukan ciwon kai da kumburin ƙafa, awon jini da na fitsari take bukata a ranar, ba lallashi ta waya ba. Kuma kada mu manta da lissafi: korona, bisa ƙidayar hukuma, mutum ɗari uku da ƴan kai ta kashe a Nijar tun farkonta, alhali zazzaɓin cizon sauro dubbai yake ɗauka duk shekara, akasarinsu yara. Tsoron ƙaramar wuta ya sa mun bar babba tana ci.

Bambancin matan nan biyu ba na arziki ba ne, ba na wayo ba ne. Ɗaya likitanta ya san ta, ya taɓa ɗora mata abin sauraron ƙirji, yana da takardunta, ciwonta kuma tsoho ne mai suna, ga lambobin awo a gabansa. Ɗayar kuwa baƙuwa ce ta kira baƙo a kan sabon ciwo, babu awo ko ɗaya. Ra'ayina ke nan a taƙaice: talho yana ci gaba da jinyar da hannu ya fara, amma ba ya fara ta.

Ba mu kaɗai muka gane haka ba. A Faransa tun watan Satumba na 2018 asusun inshorar lafiya ya soma biyan ganin likita ta bidiyo, amma da sharaɗin likitan ya taɓa ganin majinyacin ido da ido cikin wata 12 da suka wuce. Mutane ba su damu da abin ba sai da korona ta zo aka sassauta sharuɗɗa, asusun ya ɗauki biyan kuɗin gaba ɗaya. A watan Afrilu na 2020 sai da aka kai ganawa sama da miliyan ɗaya a sati guda. Can ma sun ga tsofaffi da mazauna inda rezo ba ya kai ba su iya bidiyo, dole aka yarda musu da kiran talho zalla. A Amurka, a tsarin inshorar tsofaffi da ake kira Medicare, irin wannan ganawa ta tashi daga wajen 840,000 a 2019 zuwa sama da miliyan 52 a 2020. To amma da ƙura ta lafa me Faransawa suka yi? Ba su jefar da abin ba, ba su kuma sake shi sakaka ba. Biyan kuɗin gaba ɗaya ya tsaya a ƙarshen watan Satumba na 2022, an kuma kafa wa likitoci iyaka cewa aikin nesa kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari na aikinsu. A farmasi da yawa sun kafa ɗan ɗaki mai abin awon jini da na zafin jiki da na sauraron ƙirji, don likitan da ke nesa ya samu abin da zai dogara a kai. Ƙasar da ta fi mu likitoci nesa ba kusa ba ita ce ta ce murya kaɗai ba ta isa.

Za a ce mini: kai malam, likitocinmu kaɗan ne, mafi yawan ƙwararru kuma suna Yamai, ashe muryar likita ba ta fi babu ba? Na yarda, in muryar likita ce. Amma wa ya tabbatar? Tun lokacin annobar lambobi ke yawo a rukunonin WhatsApp na ƴan kasuwa, kowane da hoton farar riga, wannan yana maganin sukari cikin kwana 40, wancan yana cewa a aiko da jika goma kafin ya saurare ka. Hoton takardar magani guda kuma sai ya zagaye layi: an rubuta wa Hajiya mai atamfa, mai goro ya saya, mai takalma ma ya saya, don ai "ciwonmu iri ɗaya ne". Ƙarshenta takardar tana hannun mai tallan ƙwayoyi a faranti, wanda rana ta gama dafa kayansa. Ƙwayar hawan jinin da ta daidaita wani tana iya lalata ƙodar wani.

Akwai kuma abin da ba a son faɗi. Yadda muka yi abin nan a 2020, sanayya ce ta yi aiki. Mai ɗa ko suruki ko abokin ciniki likita ya samu kulawa har tsakar dare, mai tallan ƙosai da ba ta san kowa ba ta samu shiru. Su ma likitocin an cuce su, don talho ɗinsu ya zama rumfar da ba a rufewa kuma ba a biya. Ga mata da yawa kuma talhon ma ba nasu ba ne, na maigida ne ko na ɗa, sai sirrin ciwonsu ya zauna cikin aljihun wani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓacin korona tun ranar 5 ga watan Mayu na 2023, amma ɗabi'ar kiran likita ta zauna, kuma ban ga dalilin korar ta ba. Gyara take so. Ina kira ga ma'aikatar kiwon lafiya da hukumar da ke rajistar likitoci su fitar da jerin waɗanda aka yarda su duba mutane ta waya, da farashi sananne da rasit, a karanta shi a gidajen rediyo da Hausa da Zabarmanci yadda wanda bai yi lakkwal ba zai ji. Abin ba baƙo ba ne a yankinmu: tun 2001 aka soma haɗa asibitocin Mali da na Janeba ta intanet, tsarin da ya bazu zuwa ƙasashe masu magana da Faransanci har da tamu. Wancan tsakanin likita da likita ne. Saura a sauko da shi inda jama'a suke.

Mu ma ƴan kasuwa akwai namu. Muna da shugabannin layi, muna da adashi, muna tara kuɗin mai gadi da na shara. Me zai hana babbar kasuwar Maraɗi, ko Kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako ta Yamai, ko ta Tawa, a ware rumfa guda mai ƙofa da labule, a nemi hukuma ta zaunar da ma'aikaciyar jinya da abin awon jini da na sukari da na zazzaɓi da sikeli? Ita za ta taɓa goshi, ta auna, ta rubuta a littafi, sannan ta kira likita a gaban mai ciwo. Wanda nasa na ci gaba da magani ne ya koma rumfarsa cikin rabin awa. Wanda nasa ya fi ƙarfin nan ta ce masa tashi yanzu, kuma ya ji daga bakin wadda ta gan shi. Yaro mai zazzaɓi kuwa, ko da rumfar ko babu, a ɗauke shi a ranar zuwa asibitin unguwa, tunda tun 2006 aka ce duba ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, ko da yake mun san sau da yawa sai an sayi maganin a waje.

Gwaggota yanzu sau ɗaya take zuwa Yamai a shekara, a yi mata hoton zuciya da awon ƙoda, sauran watannin ta talho. Ta sayi abin awon jini nata na kanta tana ajiye shi ƙarƙashin tebur, kuma rabin matan layin wajenta suke zuwa awo. Na roƙe ta abu ɗaya, ta kuma yi mini alkawari: za ta faɗa wa kowace lambarta, amma ba za ta ƙara nuna wa kowa hoton takardar maganinta ba.