HOTON KASUWAR SAKKWATO: NA WANE NE?

Ya ku 'yan'uwa talakawa, musamman ku 'yan kasuwa na Jabo da Tambuwal da Kebbe, yau muna da magana a kan wani hoto.

A cikin shekarar 1853 wani Bature Bajamushe, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da suna Abdulkarim, ya iso ƙasar nan zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Ya zauna Wurno, ya kuma leƙa Sakkwato, ya ga kasuwarta ran Jumma'a tana ci, ya zana ta a takarda. Da ya koma gida sai wani gwanin zane, Martin Bernatz, ya gyara zanen ya sa masa launi, aka buga cikin littafin tafiyar Barth mai juzu'i 5, wanda ya fito a Ingila da Jamus a 1857 da 1858. Yau kamfanonin Turai suna sake buga irin waɗannan hotuna a takarda mai kauri, suna sayarwa ta intanet, masu hali su saya su rataya a falo.

To, jama'a, ba mu ce laifi ne ba. Amma muna tambaya: kasuwar nan ta wane ce? Wa ya ɗauko kaya a ka tun asuba ya kawo ta? Wa ya jeme fatar, wa ya ƙera linzamin da Barth ya yaba? Kakanninmu ne, talakawa. Ga shi jikokinsu da yawa ba su taɓa ganin hoton ba, har mu da muka yi boko sai da muka girma muka ci karo da shi. A makaranta an koya mana sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙensu, amma ba a koya mana sunan mai tallan albasa ko ɗaya ba.

Kuma kada kyan hoto ya ruɗe mu. Bernatz bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, abin da ya ga zai gamshi idon Turawa shi ya fitar. Hoto ba ya faɗin farashi, amma Barth ya faɗa cikin littafin. Ya ce a kasuwar nan an sayar da wani yaro bawa a kan wuri 33,000, shi kuwa ya sayi ɗan doki a kan 30,000. Ku duba! Ɗan Adam da dabba, tsakaninsu wuri 3,000 kacal. Wanda ya rataya hoton a falo ba zai ji kukan uwar yaron ba. Mu ya kamata mu ji, domin tsatsonmu ne.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne wannan. Akwai manya da ke son kasuwa in tana jikin bango, amma ba su son ta in tana ƙasa, da ƙurarta da ƙudanta. Sai su yabi kasuwar da, su manta da ta yau. A 2021 gobara ta ci babbar kasuwar Sakkwato, dukiyar mutane ta zama toka. A kasuwanninmu na ƙauye kuwa ana karɓar kuɗin rumfa ba fashi, amma damina ta zo mai hatsi ya rasa inda zai fake da buhunsa, albasa ta ruɓe don rashin wurin ajiya, dillali ya saye sauran da araha. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Saboda haka ga shawararmu. Na ɗaya, ƙungiyoyin 'yan kasuwa su haɗa kuɗi kaɗan su sa a buga hoton nan, gama ya tsufa, ba mai ikon hana kowa buga shi. A kafa shi a ofishin sarkin kasuwa da makarantun firamare, a rubuta labarin yaron nan a ƙarƙashinsa da Hausa, boko da ajami. Na biyu, matasanmu masu waya su ɗauki hoton kasuwanninmu yadda suke, su rubuta sunayen sana'o'i da farashin kaya, don kada jikokinmu su jira baƙo ya ba su labarinmu. Na uku, duk wanda ya karɓi kuɗin rumfa a tambaye shi rasit, a kuma tambaye shi ina rumfar.

Kasuwa ta masu cinta ce. Allah ya ba talaka sa'a, amin.